Fam Biyu da Rabi Suka Sayi Sunan Uwargida

Azumi ya kai tsakiya wasiƙar ta zo, kuma tsautsayi ya sa ba ni na tsince ta a bakin ƙofa ba. Na shigo gida wajen shida saura kwata, ina ta sauri kada a sha ruwa ina kan titi, sai na tarar da uwargida zaune a kicin, kunu yana ta tafasa ba mai kula shi, ga wata farar takarda ta shimfiɗa a kan tebur. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Abban yara, ranar Talatar makon jiya ina ka wuni?"

Na ce wurin aiki mana, ina zan je da bakin azumi? Sai ta turo min takardar da yatsa ɗaya.

Hotuna biyu ne a jiki, dishi-dishi, amma ko makaho ya shafa ya san tsohuwar Yaris ɗinmu ce. Na farko ta gaba aka ɗauke ta, tana shiga filin fakin na wani babban kanti da ke kan hanyata a nan Manchester, ƙarfe 7:41 na safe. Na biyu ta baya, tana fita ƙarfe 5:36 na yamma. Har lissafi sun taya mu: awa tara da minti 55, a wurin da aka yarda mai sayayya ya tsaya awa biyu. Kuɗin laifi fam 100, in an biya cikin kwana 14 a yi rangwame zuwa fam 60. A canjin lokacin, wato azumin 2025, fam 100 ta doshi naira dubu 200, sai ku auna. Can sama kuma ga sunanta cikakke, nata da na mahaifinta, ga lambar gida, ga sunan layi, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Da sunanta aka yi wa motar rajista, domin ta riga ni zuwa ƙasar, ta riga ni samun lasisi, inshora kuma ta fi arha a hannunta.

Abin da ya faru kuwa bai taka kara ya karya ba. Sau biyu na shiga kantin a ranar. Da safe na tsaya na sayi famfas na ƙaramarmu kafin in sauke ta gidan raino, ko minti goma ban yi ba. Da yamma na sake biyowa na sayi dabino da kankana da madara. Kyamarar da ke karanta lambar mota a bakin ƙofa ta ga shigata ta safe, ba ta ga fitata ba, sai ta haɗa ta da fitar yamma ta ce wuni na yi. Wannan bayanin yanzu nake iya jera muku shi tiryan-tiryan. A lokacin in-ina na riƙa yi kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ba wai ta zarge ni da wani abu ba, shekararmu tara tare. Sai dai ni da baki nake magana, takarda kuma ta zo da hoto da awa da minti, ita kuwa ranar daga aikin dare ta dawo tana barci, ba ta da shaidar komai.

Aka kira sallah a waya, na kurɓi ruwa, maimakon in zauna in ci ƙosai sai ga ni a tsugune gaban kwandon shara ina tonon rasit. Magidanci da 'ya'ya uku, hannu dumu-dumu cikin ɓawon albasa. Na yamma na same shi a aljihun ƙofar mota, ya duƙunƙune. Na safe ya tafi, sai a manhajar banki na gano an cire kuɗin ƙarfe 7:48. Na miƙa mata wayar. Ta duba, ta yi wata 'yar dariya, ta ce ai da ma ta sani. Na ce kin sani kika bar kunu ya kama?

Muna cikin cin abinci ta ajiye cokali ta yi tambayar da ta hana ni barci makonni: "To su waɗannan ɗin su wane ne? Wa ya ba su sunana da gidana?"

Domin ba 'yan sanda ne suka aiko ba, ba kotu ba, ba ƙaramar hukuma ba, ba ma kantin ba. Wani kamfani ne da ba mu taɓa jin sunansa ba, adireshinsa akwatin gidan waya a wani gari mai nisa. Ni da ko a gaban abokaina ba na kama sunanta, sai in ce uwargida ko maman yara, ga wasu ƙatti da ba su san mu ba sun rubuto shi ɓaro-ɓaro sun jefo mana ta ƙofa.

Kafin ku ji zafin abin yadda na ji, sai kun san irin tsarkin da ake nunawa a ƙasar nan a kan bayanan mutum. Na taɓa zuwa asibitin unguwa in tambayi ƙarfe nawa aka ba ta ganin likita, don takardar ta ɓace. Matar da ke kan teburin karɓar baƙi ta dube ni da murmushin nan nasu mai sanyi ta ce ba za ta iya ko tabbatar min cewa matata tana da kati a wurinsu ba, wai dokar kare bayanai. Na ce mijinta ne ni, ga katin shaidata, ga adireshinmu ɗaya. Ta ce ta fahimta, amma a'a. A banki haka, a makarantar yara haka, ko lambar wayar iyayen abokin ɗanka ba za a ba ka ba. Da farko haushi nake ji, daga baya abin ya burge ni har ina yi wa 'yan gida wa'azi da shi in mun yi waya. Ashe akwai ƙofar baya, kuma kuɗin shigarta fam biyu da rabi.

Ga yadda take. Duk motar da ke Birtaniya tana cikin rajistar wata hukuma da ake kira DVLA, hedikwatarta a Swansea can yankin Wales. Dokokin rajistar motoci na 2002 sun ba ta damar bayar da suna da adireshin mai mota ga wanda ya nuna yana da dalili mai ma'ana. Kamfanonin fakin masu zaman kansu an ɗauka suna da wannan dalilin, muddin suna cikin ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu biyu da aka amince da su, BPA ko IPC. Ba wani mutum ne yake zuwa da fayil ya yi layi a tambaye shi hujja ba. Kwamfutar kamfani ce take tura lambar mota, kwamfutar hukuma ta mayar da suna da gida, a caji fam 2.50. Cibiyar RAC Foundation da ke bin diddigin alƙaluman ta nuna an yi irin wannan neman sau miliyan 12.8 a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, shekarar da ta biyo kuma sau miliyan 14.4. Wato kusan gida dubu 40 kullum ta Allah. Ku buga miliyan 14.4 sau biyu da rabi, fam miliyan 36 ke nan. Hukumar ta ce ba riba take ci ba, kuɗin gudanar da aikin ne kawai take mayarwa. A 2022 ofishin kwamishinan kare bayanai ya duba lamarin, ya ce tana da hurumin bayarwa, ayar dokar da take jingina da ita ce kawai ba ita ce daidai ba. Aka canza aya, aka ci gaba da gashi.

Ba wanda ya tambayi uwargida, kuma ba ta da ikon cewa ba ta yarda ba. Rajista dole ce, in ka sauya gida ba ka sanar ba ma tara tana iya kai fam dubu ɗaya. An tilasta maka ka ba da adireshinka na gaskiya, sannan a miƙa shi ga ɗan kasuwan da abincinsa ya dogara da kuskurenka.

Washegari bayan tarawihi na tari Kawu, wani dattijonmu da ya zo ƙasar nan tun ana buga wasiƙa da tafireta. Kowa a nan Kawu yake ce masa, shi ne lauyanmu, shi ne mai raba gardama. Ya sa tabarau ya duba takardar a ƙarƙashin fitilar harabar masallaci, ya yi tsaki.

"Kai yaro, wannan ai ba tara ba ce. Takardar neman kuɗi ce. Yaga ka zuba a shara, na yaga irinta sun fi goma."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Kamfanonin nan sun iya shigar burtu. Tarar ƙaramar hukuma, wadda ita ce tara ta ainihi, ana taƙaita sunanta da haruffa uku, PCN. Su ma sai suka raɗa wa tasu sunan da yake taƙaituwa zuwa PCN ɗin, in kuma a gilashi za su manna maka ita, har ledar rawayar suke kwaikwaya. A doka kuwa ba su da ikon cin tarar kowa. Abin da suke iƙirari shi ne kun ƙulla yarjejeniya: sun kafa allo mai sharuɗɗa, ka gani ko ba ka gani ba, ka shiga ka tsaya, to tsayuwarka ita ce sa hannunka.

Ɗaya rabin ne ya tsufa, Kawu bai lura zamani ya wuce shi ba. A da kamfani sai ya san wanda ya tuƙa motar kafin ya bi kuɗinsa, in mai mota ya yi gum shi ke nan. Abin da suke taƙama da shi a wancan lokacin shi ne dabaibayi, su ɗaure maka taya da ƙarfe ko su kira janwe, sai ka biya a sake ka. Wata doka ta 2012 ta haramta dabaibayi a filaye masu zaman kansu a Ingila da Wales tun daga 1 ga Oktoba na shekarar, jama'a suka yi ta murna. A cikin dokar dai aka ba kamfanonin ladan rarrashi: in ba a faɗi direba ba, wanda sunansa ke kan rajista shi zai biya, da sharaɗin sun bi ƙa'ida, ciki har da cewa in kyamara ce ta kama ka wasiƙar ta iso cikin kwana 14. Tamu a kwana na takwas ta iso. An cire ƙarfe daga taya an maye gurbinsa da adireshi, kuma tun daga nan kasuwar ta buɗe.

Wanda ya so ya toshe ta wani Bature ne mai shagon soya kifi da dankali a yankin Essex, Barry Beavis. A 2013 ya ajiye mota a wani filin kantuna a Chelmsford inda ake ba da awa biyu kyauta, ya zarce da minti 56, kamfanin ParkingEye ya ce ya biya fam 85. Mutumin nan ya ce sam, asarar me na jawo muku a filin da ba a biyan ko kwabo? Ya ja har Kotun Ƙoli. A watan Nuwamba 2015 alƙalai shida cikin bakwai suka ce kuɗin bai wuce kima ba, kamfani yana da halastacciyar buƙata ta hana mutane zaman dirshan a fili. Abin da ya fi tsaya min a rai a shari'ar shi ne kamfanin ne yake biyan masu filin fam dubu ɗaya duk mako don a bar shi ya yi gadi. Kun taɓa ganin maigadin da yake biyan maigida albashi? To daga ina za a ce yake mayar da kuɗinsa, in ba daga wanda ya makara ba?

Na gaya wa Kawu wannan, ya ce to shi dai ba a taɓa kai shi kotu ba. Allah ya ƙara tsarewa, Kawu. Amma a cikinmu akwai wani ƙaninmu ɗalibi da ya tashi daga gidan haya, ya canza adireshi a lasisinsa bai san takardar rajistar mota daban ake canza ta ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa tsohon gida, fam 100 ta zama 170 da masu karɓar bashi suka ɗora nasu 70, aka kai kotu ba ya nan, aka yanke. Bai san komai ba sai da ya je neman sabon gidan haya aka ce sunansa yana da tabo. Irin wannan hukuncin shekara shida yake yi a tarihin bashin mutum in bai biya cikin wata guda ba, kuma a ƙasar nan mai tabo ko layin waya na wata-wata wuya yake yi masa. Duk mai shirin zuwa ya riƙe wannan ko da ya manta sauran surutuna.

Saboda haka ban yaga ba. Na nemi lambar wayarsu, na buga. Wata murya ce ta na'ura: in za ka biya danna ɗaya, in kana son a maimaita danna biyu. Babu lambar da za ka danna mutum ya fito. Na rubuta imel na yi bayani dalla-dalla, na haɗa da rasit. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, kuma a nan ne na tashi tsaye a ɗakin hutu na wurin aiki har abokan aiki suka juyo. Wai ba za su iya tattauna batun da ni ba, tunda ba sunana ne a kan takardar ba, saboda dokar kare bayanai! Mutanen da suka sayi sunan matata da gidanta a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi a tashar jirgi ba, su ne suke kare ta daga mijinta. Sai da ta zauna bayan aikin dare, ido jajur, ta cike fom da kanta.

A nan ne kewar gida ta kama ni, irin kewar da nake jin kunyar faɗa. Ba sai na ba ku labarin yadda ake yi a wajenmu ba. Mutum ne zai tare ka da jikinsa, ya buɗe ƙofa ya shige gaban mota. Za ka ce yallaɓai a yi haƙuri, azumi ake. Zai ɗaure fuska, ka ƙara marairaicewa, mai shago na gefe ya fito ya sa baki, wani dattijo mai wucewa ya ce don girman watan nan a sassauta. Ko a rabu da Allah ya kiyaye gaba, ko a rabu da na goro, amma dai kafin magariba magana ta mutu, kuma ba wanda ya san ƙofar gidanka. Wallahi a makonnin nan na yi marmarin fuskar da zan roƙa. Ko zagina ne ya yi, in dai mutum ne mai kunne. A nan sai ka yi ta magana da bango, bangon kuma yana ƙirga maka kwanaki.

Amma kada in yi muku ƙarya, ba na son ku ɗauka na zama irin masu zuwa Turai su dawo suna cewa gara gida a komai. Filin kantin nan, shekara huɗu ina zuwa, ban taɓa rasa wurin tsayawa ba. Yana kusa da tashar bas da ofisoshi, da babu kyamarar nan da ma'aikata sun cika shi tun bakwai na safe, tsohuwa mai sanda ta rasa inda za ta sauka. Wurin naƙasassu a bakin ƙofa yake, kuma yawanci za ka same shi a buɗe yana jiran mai shi. Ku kwatanta da bakin Kantin Kwari ana jibi sallah, ko layin kowane masallacin Juma'a, inda mutum zai gindaya motarsa a ƙofar gidan wani ya kulle ya tafi sahun gaba, mai naƙuda a ciki ko oho. In an yi magana ya ce ai sallah ya je. Wani ya rufe lambar motarsa da leda baƙa, wani ya cire ta gaba ɗaya ya manna sunan sarautarsa. Haƙurin nan da na yi kewa, shi ne dai yake sa kowa ya yi abin da ya ga dama, don ya san iyakarta a ba da haƙuri. Ni kaina na sha yi. Har a nan ma, ban da tsoron wasiƙa, da na riƙa barin mota a filin kantin ina tafiya Juma'a, kuma akwai 'yan'uwa da suke yi, huɗuba ta yi tsawo su fito su tarar sun ci bashin fam 60.

Batun bayanai ma ba mu da bakin yi wa kowa gori. Mu da ake zuba fotokwafin katin ɗan ƙasa a shagon rajistar layi har mai ƙosai ta naɗe ƙosai da shi. Mu da manhajojin bashi suke kwashe lambobin wayar mutum kaf, in ya makara da biya su tura wa surukarsa saƙo cewa ɓarawo ne. An sa hannu a dokar kare bayanai a Najeriya a watan Yunin 2023, amma je ka ce wa mai POS kada ya ɗauki hoton katinka ka ga kallon da zai yi maka. Abin da ya cece mu daga irin wasiƙar nan ba tsare sirri ba ne, rashin adireshi ne. Wane kamfani zai aika takarda zuwa "bayan gidan mai, kwana ta biyu, gida mai darbejiya a ƙofa"? Ranar da aka gama lambace gidajenmu aka haɗa su da lambar mota da lambar ɗan ƙasa, kuma can aka nufa, ina jiye mana ranar, domin su nan aƙalla akwai farashi a rubuce da ƙa'idar wanda za a sayar wa.

Bayan sallah da mako biyu amsar ƙorafinta ta zo. An duba da kyau, an ƙi. Wasiƙar ba ta ambaci rasit ba, ba ta ambaci zuwa biyu ba, shafi biyu ne na bayanin cewa alluna suna nan a kafe kuma ana ganinsu, abin da ba wanda ya musa. A ƙarshe suka ba mu zaɓi irin na 'yan caca: ku biya 60 yanzu, ko ku ɗaukaka ƙara zuwa masu sasanci, waɗanda na ƙungiyar BPA ake kira POPLA na IPC kuma IAS, in kun faɗi ku biya 100 cif. Uwargida ta ce mu biya mu huta, lokacin da muke ɓatawa ya fi kuɗin. Da gangan aka tsara shi haka, kuma na tabbata mutane da yawa a nan suke sallamawa. Majalisa ta san da matsalar, tun 2019 ta yi dokar da ta ce gwamnati ta fito da ƙa'ida guda. Aka fito da ita a Fabrairun 2022, za ta rage yawancin cajin zuwa fam 50. Kamfanoni suka garzaya kotu, a watan Yuni aka janye ta. A Oktoban 2024 sai suka fara aiki da wadda suka rubuta wa kansu, mai rangwamen minti goma bayan cikar lokaci, fam 100 kuma tana nan daram. Kura ce ta rubuta dokar kiwon awaki.

Ni kuwa taurin kai ya motsa. Wata abokiyar aikina 'yar Jamaika, wadda ta ce ta ci irin wannan yaƙin sau uku, ta koya min abu biyu. Na farko, dokar kare bayanan nan da suka kare kansu da ita tana da ɗaya kaifin: kowa yana da haƙƙin ya nemi duk bayanan da kamfani yake riƙe da su a kansa, kyauta, kuma dole a ba shi cikin wata guda. Uwargida ta rubuta ta ce a turo duk hoton motar da kyamararsu ta ɗauka a ranar. Na biyu, ta ce ka bar bin yaran gida, je ka ga maigida.

Na je kantin ranar Asabar. Yarinyar da ke teburin ƙorafi ta ce filin ba a hannunsu yake ba, wani kamfani ne daban. Na ce na sani, manaja nake nema, zan jira. Na jira minti ashirin ina duban agogo, don ko a zaman jiran ma kyamara tana ƙirga min. Ya fito, wani matashi mai tsagin gashi, na baza masa takardu a kan kanta kamar mai tallar magani. Sannan na ciro katin rangwamen kantin na ce duba a kwamfutarku, shekara huɗu kun san irin shinkafar da muke ci, kun san ranar da aka yaye 'yata daga madarar gwangwani, ku duba ku ga sau nawa na zo ranar. Ya yi dariya, ya duba, ya ga biyu. Ya ce ana samun haka in babbar mota ta bi ka a gindi ta kare lambarka. Ya ɗauki hoton wasiƙar da wayarsa ya ce zai tura a soke. Duka-duka bai fi minti biyar ba. Ashe dai a nan ma sai an ga mutum, sun ɓoye shi ne kawai a bayan ƙofa uku.

Bayan kwana shida saƙo ya shigo wayar uwargida, layi biyu: an soke, ba sai an ɗauki wani mataki ba. Ta juya wayar sama da ƙasa tana neman ragowar. "Ko haƙuri ba su ba ni ba," ta ce. Hotunan da ta nema kuma sai bayan nan suka iso, kuma uku ne, ba biyu ba. Na ukun ga Yaris nan tana shiga ƙarfe 5:19 na yamma, ga ni a ciki da hular sanyi. Yana hannunsu tun ranar farko. Motar da ba ta fita ba, ta yaya ta sake shiga? Da mutum mai rai ya kalli hotunan nan na daƙiƙa goma, da ba a kai ga neman sunan kowa ba.

Yanzu aljihun gaban motarmu cike yake da rasit, na ɗaure su da roba wata-wata kamar mai shirin haɗuwa da jami'in haraji. In na shiga wuri sau biyu a rana sai na ɗauki hoton motar a wani waje a tsakani, yara suna min dariya. In zan fita daga fili kuma akwai babbar mota a bayana, sai in rage gudu in ba kyamara dama ta ƙare min kallo.

Ita kuwa uwargida ba ta ƙara tayar da maganar ba sai da aka zo sabunta inshora. Ta ajiye min takardar rajistar motar a kan tebur, a daidai inda ta shimfiɗa waccan wasiƙar, ta ce a mayar da ita sunana. Na ce inshorar fa za ta ƙaru. Ta ce ta ƙaru ɗin, ai kai kake tuƙawa, in za su sake saye su sayi naka. Sabuwar takardar ta iso ranar Litinin da ta wuce, kuma sun rubuta sunana daidai, har da na kakana.